Daga Dandali zuwa Aji: Gustav Holst da Koyar da Kiɗa a Makarantar 'Yan Mata

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin makaɗan Turai, cewa ba mai komawa aji sai wanda dandali ya ƙi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan ra'ayi da rayuwar Gustav Holst, mutumin Ingila, wanda ya ajiye sana'ar busa da ƙarfinsa, ya shafe wajen shekara talatin yana koyar da 'yan makaranta.

An haifi Holst a garin Cheltenham a 1874, a gidan da kiɗa gado ne. Mahaifinsa ya so ya zama gwanin fiyano, amma ciwon jijiya a hannun dama ya hana. Saboda haka sai ya rungumi turombon, watau wani ɗan'uwan kakaki na tagulla wanda ake zare shi ana mayarwa don sauya amo. Ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta da ke Landan a 1893, kuma tun yana ɗalibi yakan yi busar haya a gidajen wasa da wuraren shaƙatawa na bakin teku don ya ci abinci. A 1898 ya shiga ƙungiyar Carl Rosa, masu yawo gari gari da wasan kwaikwayo na waƙa, daga baya kuma ya yi busa da ƙungiyar makaɗa ta Sikotilan.

Abin lura a nan shi ne mazaunin mai turombon. A can baya yake zama, kuma sau da yawa jira yake yi, yana ƙirga, har gaɓarsa ta zo. Mai irin wannan zama yakan ji kiɗa daga cikinsa: ya san abin da kowane kayan kiɗa zai iya ɗauka, da inda numfashi ke ƙarewa, da inda yatsa ke sarƙewa. Wannan ilmi, wanda littafi ba ya bayarwa, shi Holst ya shiga aji da shi lokacin da ya bar busa a 1903.

Ya fara da wata makarantar 'yan mata a Dulwich. A 1905 aka naɗa shi shugaban sashen kiɗa na makarantar 'yan mata ta St Paul's a Hammersmith, bai kuwa bar wannan kujera ba har rasuwarsa a 1934. Daga 1907 zuwa 1924 ya haɗa da Kwalejin Morley, inda ma'aikata ke karatun dare. A wancan zamani kiɗan 'yan mata ado ne kawai, 'yan waƙoƙi masu zaƙi don baƙin falo. Holst ya kawar da su, ya kawo Bach da Purcell, ya sa ɗalibai su riƙa tsara nasu su rera tun kafin su gama sanin ƙa'idoji. A 1911 ɗaliban Morley suka farfaɗo da *The Fairy Queen* na Purcell, wanda rabon da a ji shi cikakke tun ƙarni na 17. Su da kansu suka kwafe shafi 1,500 da hannu.

To, ko aji ya dakushe shi? Haƙiƙa ya cinye masa lokaci, domin sai ƙarshen mako da hutu yake samun rubutu. Amma a 1913 makarantar ta buɗe sabon sashen kiɗa da ɗakin da ƙara ba ta ratsa shi, kuma don ɗalibansa ya tsara *St Paul's Suite*, daidai ƙarfin hannunsu, ba tare da ya raina su ba. Har yau manyan ƙungiyoyi na kaɗa shi. A wannan ɗaki ne ya tsara mafi yawan *The Planets*, aikin da ya fito da sunansa duniya, wanda ya fara a 1914. Da hannun ya matsa, abokan aikinsa mata biyu, Vally Lasker da Nora Day, su suka riƙa taya shi rubutu da gwaji a fiyano.

Da aka fara kaɗa shi a Satumbar 1918 ƙarƙashin Adrian Boult, 'yan matan St Paul's na cikin waɗanda suka kwafe takardun makaɗa, suna kuma cikin masu rera kashi na bakwai. Wannan kashi ba shi da kalma ko ɗaya, muryoyin mata ne zalla daga wani ɗaki na gefe, kuma Holst ya rubuta umarni cewa a riƙa tura ƙofar a hankali har sautin ya ɓace.