Tsohon Babur Da Sabuwar Wuta: Abin Lura Kafin A Cire Kontak A Sa CDI

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, yau ba maganar gero ko dawa muka zo da ita ba, maganar abin hawan da ke kai mu inda geron yake ce. Duk mai cin kasuwannin ƙauye ya san farashi na safe ne. Wanda baburinsa ya ƙi tashi da asuba, kafin ya isa an auna an ɗinke, sai ya sayi na hannu biyu da tsada.

Da yawa cikinmu har yanzu muna riƙe da tsofaffin Honda, irin su Cub wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, da CG125 wadda ta fito a 1975, aka kuma yi ta musamman domin ƙasashen da hanya ba kyau, gyara ba yawa. Injinsu ba ya gajiya, da tsohuwar zuma ake magani. Inda suke ba mutum wahala shi ne wuta, domin na farkonsu da kontak suka zo.

Kontak wasu 'yan leɓɓan ƙarfe ne guda biyu, suna buɗewa suna rufewa yayin da inji ke juyawa. Daidai sa'ad da suka buɗe ne wuta ke tashi a bakin fulogi ta kunna mai. Tsakaninsu in sun buɗe bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.4 ba. To, ƙarfe na gugar ƙarfe, ƙura ta shiga, damina ta kawo laima, sai awon ya goce. Shi ya sa masu gyara ke cewa a cire kontak a sa akwatin CDI, watau ɗan baƙin akwatin nan da ke tara wuta ya sake ta gaba ɗaya, babu abin da ke gogayya a cikinsa balle ya cinye.

Shawarar tana da kyau, amma ga inda gizo ke saƙar. Akwatin da ake sayarwa a shagunan kayan babur yawanci na sababbin injuna aka yi shi, ba na tsohon naka ba. Sayensa minti biyar ne, daidaita shi da injin shi ne aikin. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mai babur ya tambayi bakanike kafin ya kunce lalitarsa.

Na fari, akwatin iri biyu ne. Akwai mai shan wuta daga kwayil ɗin cikin magineto, shi ake kira AC, ba ruwansa da batir. Akwai kuma mai sha daga batir, shi ne DC, yawancinsa bolt 12 yake so, alhali tsofaffin baburan nan bolt 6 ne. A ido kamarsu ɗaya, kamar buhun da ba a soka ba. In aka haɗa wani a gurbin wani, ko dai babur ya ƙi tashi, ko akwatin ya ƙone nan take.

Na biyu, magineto. CDI na bukatar wani ɗan kwayil da ke shaida masa lokacin sakin wuta, saboda haka sau da yawa sai an canza magineto da farantinsa duka. Bakin karanshaf inda magineto ke zama a fiƙe yake, kuma fiƙewar tsohuwar Cub mai bolt 6 ta saba da ta sabuwa mai bolt 12. In bai zauna daram ba, kada ka yarda a ɗaure shi da ƙarfin tsiya. Zai yi ta girgiza har ya karya ɗan makullin nan mai kamar jinjirin wata da ke riƙe shi, ya ci bakin karanshaf. Nan kuwa gyaran ya tashi daga na waya ya koma sauke inji. Haka kuma da abin zarewa ake cire magineto, ba da guduma ba.

Na uku, kuma shi ne uwa uba, saitin lokaci. A jikin magineton Honda akwai haruffan boko biyu, T da F. T shi ne inda fistin ya kai ƙololuwa, F kuwa inda wuta ke tashi, kaɗan kafin T. In inji ya ƙara gudu, dole wuta ta ƙara sammako. A tsohon tsari wasu 'yan ƙarafa masu sifirin ke yin wannan aiki, su buɗe in gudu ya ƙaru. Akwatunan CDI da yawa kuwa su da kansu suke yinsa. In aka bar na da yana aiki, ga na akwati, sammako ya zama biyu, kamar a karɓi la'ada sau biyu a kan buhu ɗaya. Alamarsa kik ya dawo ya bugi ƙafa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, ya yi zafi, ƙarshenta fistin ya huje. In kuma wuta ta makara, babur ba ƙarfi, salansa ta yi zafi fiye da kima, mai na tafiya a banza. Lalle a duba da fitilar saiti inji na aiki, a ga F ta tsaya daidai da alama in an sassauta, kana a ja mai a ga iyakar inda ta matsa. Kunne kaɗai ba ya isa awo, kamar yadda ido ba mudu ba ne.

Na huɗu, kwayil ɗin fulogi da wayoyi. Kwayil ɗin kontak daban, na CDI daban, gara a sayi wanda ya dace da akwatin. A tsarin Honda na AC, baƙa mai ratsin ja daga magineto take, baƙa mai ratsin rawaya zuwa kwayil, koriya ta jikin ƙarfe ce, baƙa mai ratsin fari ita ke kashe inji. Amma masu kwaikwayo ba kullum suke bin wannan launi ba, sai a bi takardar da ta zo da kayan. A ɗaure akwatin nesa da zafin inji, inda ruwa ba ya taruwa.

Saura abu ɗaya wanda mai shago ba zai faɗa maka ba. Kontak yakan yi jinya kafin ya mutu, kuma ko a gindin kuka ne, ka goge shi da samfefa ya kai ka gida. CDI ba ya jinya, faɗuwa ɗaya yake yi, ba a kuma buɗe shi a gyara. Saboda haka mai shiga daji ya sayi biyu, ya gwada duka a gaban bakanike, ya ajiye ɗaya tare da fulogi cikin jakar kayan aiki. Kuma a guji mafi arha, araha ba ta ado.

Ku kuma dillalai, in an kawo muku tsohon babur da aka juya, ku tambayi tsofaffin kayansa. Mai neman babur na asali yakan so ya ga kontak da magineton da ya zo da su, ko da a leda ne. Kada a bar su a garejin bakanike, kuɗi ne.

Wanda kontak ɗinsa ke lafiya, yana kuma da mai saita masa, babu gaggawa. Wanda ya gaji da turi, to, ya canza, amma ya zauna a wurin har a haska masa F ya gani da idonsa kafin ya biya ladan aiki. Wassalam.