Mai Tallar Magani Ran Kasuwa

Ya kai mai gida, ka san shi. Ran kasuwa ya kan zo da akwati, wani lokaci da mota da lasifika, ya baza kwalabe a rana. Sai ya ce ƙwaya ɗaya tana maganin zazzaɓi, da basir, da ciwon baya, har da rashin haihuwa. To, riƙe kuɗinka. Babu maganin da ya ke warkad da kowace cuta. Shi kuwa gobe yana wani gari, in abu ya ɓaci ba ka da wanda za ka kama.

Jabun magani iri iri ne. Wani alli ne kurum aka matse. Wani da magani a ciki, amma kaɗan ƙwarai, sai zazzaɓin cizon sauro ya lafa kwana biyu, kana murna, sa'an nan ya komo wa yaro da ƙarfi. Wani kuma guba ne. Tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka mutu a Nijeriya saboda wani maganin fitar haƙori wanda guba mai lalata ƙoda ta shiga cikinsa. Ko magani na ƙwarai ma, in kullum yana yini a rana, ƙarfinsa raguwa ya ke yi.

Saboda haka ka fara kai marar lafiya asibiti a duba shi. In an rubuta maka magani, saya a kanti mai izini, cikin kwalinsa. Kada ka karɓi ƙwayoyi tsirara a ƙullin takarda. Duba lambar hukumar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace. In ba ka iya karatun boko ba, ɗanka na makaranta ya karanta maka, ba abin kunya ba ne. Lamba kaɗai ba ta isa ba, gama macuta su ma suna buga ta. Waɗansu kwalaye suna da wurin kankarewa: kankare, ka aika da lambobin da ke ciki ta saƙon waya, za a amsa maka ko na gaske ne.

Allura fa, kada ka yarda ɗan talla ya yi wa iyalinka. Allurar da aka soka wa wani tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

In baƙo ya yi sallama, ya ce gwamnati ta aiko shi da rigakafin shan inna, amma sai an biya, ƙarya ya ke yi, kyauta a ke ɗiga shi. Kai shi wurin mai unguwa.