Ƙoƙo Ɗaya na Burkutu da Ɗan da ke Cikin Ciki

A ƙauyukanmu na bakin Tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yauri har Wara ta ƙasar Ngaski, ranar gayya ko biki ba a rasa tulun burkutu a gidaje da yawa. In mace mai juna biyu ta zo, sai a miƙa mata ƙoƙo, a ce, "Sha kaɗan, dawa ce kawai, za ta ƙara miki jini." Ni malamin makaranta ne, 'ya'yan nan kuwa hannunmu suke zuwa bayan shekara shida. Shi ya sa nake so mu duba wannan "kaɗan" ɗin.

Abin da uwa ta sha, ɗa ya sha. Giya takan shiga jininta, ta bi ta mabiyiya da cibiya, ta isa wurin tayin. Hantar uwa tana iya tace giya, amma ta tayi ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ƙwaƙwalwarsa kuwa tana ginuwa tun daga makonnin farko har ranar haihuwa.

A 1968, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, wani likita a Faransa mai suna Paul Lemoine ya ba da labarin yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne. Ya same su da ƙarancin girma da raunin hankali. A 1973 likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka raɗa wa ciwon suna. Wannan zancen sha mai yawa ne. To, kaɗan fa?

A nan bincike bai zo da baki ɗaya ba. A 2012 masana a Denmak sun gwada yara masu shekara 5 waɗanda uwayensu suka sha kaɗan, ba su ga wani bambanci ba. Amma a shekarar nan masanan Jami'ar Biristol ta Ingila sun duba yara fiye da 4,000. Suka ga cewa a cikin 'ya'yan matan da suka sha kaɗan-kaɗan, waɗanda suka gaji jiki mai tace giya ta wata hanya dabam sun sami maki ƙasa da na sauran a gwajin basira, suna da shekara 8. A 2017 kuma aka tattara bincike masu yawa a jami'ar nan, aka ga alamar shan kaɗan yana ƙara haɗarin haihuwar jariri ƙarami. Babu likitan da ya iya nuna awon da ba ya cutarwa. Don haka tun 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya shawarci masu ciki su bar giya, na Ingila ma suka faɗi haka a 2016. Mu tuna kuma, a Littafin Mahukunta sura 13, an hana uwar Samson abin sa maye tun yana ciki.

Balle burkutu, wadda ba ta da awo. Ƙoƙon wannan gida ya fi na wancan, ta kwana biyu kuma ta fi ta yau ƙarfi.

A aji, lahanin giya yakan fito a yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, mai saurin mantuwa, wanda lissafi yake ba shi wuya. Amma kada mu ɗora wa uwa laifi duk lokacin da yaro ya kāsa. Yunwa, zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya da yaranmu suke ɗauka a tafki, su ma suna mai da yaro baya.

'Yar'uwa, in kin riga kin sha kafin ki san kina da ciki, kada ki karai. Ki daina yau, ki faɗa wa ungozoma ranar awo. Kai kuma maigida, da ke uwar miji, ku ne masu taimakonta. Ranar gayya ku tanadar mata kunun zaƙi ko fura, kada wani ya matsa mata. Rigakafi ya fi magani, wata tara kuwa ba shi da yawa a kan rayuwar ɗa.