Daga Tarna Zuwa Rumbunan Gabi: Ta Wace Hanya Ilimin Noma Zai Bi?

Kowace shekara idan kaka ta yi, manomin Gabi yakan sami kansa tsakanin abu biyu: ko ya saida wakensa nan take da arha, ko ya ajiye shi ƙwaro ya raba shi da shi. Masana sun daɗe da gano maganin wannan matsala, kuma a nan jahar Maraɗi aka yi wani babban sashe na binciken. Abin da ya rage shi ne hanyar da maganin zai bi ya kai ga mai gona. A kan wannan hanya ce masana noma, masana koyarwa da masana sadarwa ta na'ura suka haɗu.

Ƙasar noma a bakin iyaka

Gabi ƙaramar hukuma ce ta gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, a bakin iyaka da Najeriya. Gulbin Gabi na ratsa ƙasar kafin ya zuba cikin tabkin Madarunfa, kuma dajin Baban Rafi, wanda ya daɗe yana ba Maraɗi itacen girki, yana cikin wannan yanki. Ruwan damana ya fi na arewacin jahar, saboda haka ana noman hatsi, dawa, gujiya da wake.

A cikinsu wake ne kuɗin manomi. Hatsi na ci ne, shi kuwa wake da shi ake biyan bashi, a yi suna, a yi aure, a sayi tufafin salla. Bayan Najeriya, Nijar ce ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya, kuma mai yawa daga cikinsa na ƙetare iyaka zuwa Jibiya, Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano.

Sai dai wake na da abokin gaba. Tun yana gona ƙwaro ke yi masa ƙwai, tsutsar ta shige cikin ƙwaya ta yi ta ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama ƙwaro, shi ma ya yi nasa ƙwan. Kafin ƴan watanni buhu ya koma gari da ɓawo. Tsoron haka ke sa kowa ya kai kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi. Idan bazara ta yi, manomin da ya saida da arha shi zai dawo neman iri da tsada. Wanda ya nace sai ya ajiye kuwa, sau da yawa ƙwayar guba yake jefawa cikin buhu, ba tare da sanin ƙa'idarta ba, alhali abinci ne da iyali za su ci.

A da malamin gona ne ke kai wa ƙauye irin wannan ilimi. Amma malaman gona ba su taɓa wadatar ƙauyuka ba, kuma tun ƙarshen shekarun 2010 da satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka addabi bakin iyaka, tafiya cikin wasu ƙauyukan ta ƙara wuya.

Abin da aka gano a ɗakin bincike

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, an kafa ta a shekara ta 1975, kuma reshenta na Tarna, a bakin birnin Maraɗi, gonar gwaji ce tun zamanin Turawa. A shekara ta 2010 Maraɗi ta sami jami'arta, wadda yau ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Masana ƙwari na waɗannan wurare biyu, irin su Ibrahim Baoua, sun yi aiki tare da jami'ar Purdue ta Amurka a kan buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS.

Dabarar ta samo asali a arewacin Kamaru, ƙarshen shekarun 1980, a aikin Larry Murdock da abokansa. A shekara ta 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi don yaɗa ta a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Leda biyu masu kauri ake sawa ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhun saƙa, a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwarin da ke ciki su ke shaƙe ƴar iskar da ta rage. Idan ta ƙare sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Ba guba, ba hayaƙi.

Amma akwai sharaɗi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Huda guda a jikin leda, ko ɗaurin da bai yi ƙarfi ba, ko wake mai laima, ko ɓera ya sami buhu a ƙasa, ya isa ya ɓata aikin. Ke nan buhu kaɗai bai wadatar ba, sai an koya wa mutum yadda ake aiki da shi. A ƙasar da waɗanda suka iya karatun boko ba su kai mutum 4 cikin manya 10 ba, takardar bayani da Faransanci ba za ta yi wannan aiki ba.

Majigi cikin aljihu

A nan ne masana koyarwa suka shigo. A shekara ta 2011, a jami'ar Ilinoi ta Amurka, Barry Pittendrigh da Julia Bello-Bravo suka kafa wani shiri mai suna SAWBO. Aikinsa shi ne ɗaukar abin da bincike ya tabbatar, a maida shi majigin zane mai motsi na ƴan mintoci, sannan a ɗora masa muryar ɗan ƙasa da harshensa. Zanen guda ne, murya ake canzawa: Hausa a Maraɗi, wani harshen a wata ƙasa.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na wannan dabara a Maraɗi da kewayenta aka yi shi. A shekara ta 2012 Bello-Bravo da Baoua suka buga sakamakon nuna wa jama'a majigi uku a salula: na ajiyar wake cikin buhu mai riɓi uku, na haɗa maganin ƙwari da ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, da na kariya daga kwalara. Masu kallo sun karɓe su hannu biyu. Gwaji ne ƙarami, wanda ya auna karɓuwar saƙon a wurin jama'a. Awon buhunan da aka tsirar aiki ne na daban. Duk da haka ya nuna cewa gani ya kori ji.

Abin da ya ja hankalin masana sadarwa shi ne yadda majigin ke tafiya. Sau ɗaya ake bukatar intanet, lokacin da wani a birni zai sauke shi. Daga nan sai ya yi ta wucewa daga salula zuwa salula ta Bluetooth, ko ta ɗan katin ajiya, kamar yadda waƙoƙi da wa'azi ke yawo a kasuwa. Don haka aka ƙanƙanta shi yadda ƙaramar salula za ta iya ɗauka. Ranar kasuwa, rumfar mai cajin salula da majalisar bayan sallar la'asar, su ne suka zama layin da saƙon ke bi inda rezo bai kai ba.

Salula, farashi da yaƙi da jahilci

Salula ta shigo Nijar a shekara ta 2001, ta yi ta bazuwa kasuwa bayan kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa: tafiyar da a da sai an biya mota an kwana a hanya don jin farashi, ta koma kira guda.

A shekarun 2009 da 2010, ita da abokan aikinta, tare da ƙungiyar CRS, suka gwada wani abu a ajujuwan yaƙi da jahilci na jahohin Doso da Damagaram. A wasu ƙauyuka an ƙara wa ɗalibai darasin aiki da salula, a wasu an bar karatun yadda aka saba. Waɗanda aka koya wa salula sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma ratar ba ta ɓace ba watanni bayan an rufe aji. Wanda ke rubuta saƙo kullum ba ya mance baƙaƙe.

Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta ɗauki wata hanyar. A shekara ta 2017 ta buɗe cibiyar amsa kira, inda manomi ke bugowa ya yi tambaya da harshensa, ta kuma kafa zaurukan WhatsApp inda yake aika hoton ganyen da ya kamu da cuta, masani ya amsa masa da saƙon murya. A nan manomi ne ke fara magana.

Darasin talabijin na lakol

Wannan ba shi ne karon farko da Nijar ta nemi koyarwa daga nesa ba. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a ƙauyuka, kuma a shekara ta 1964 aka buɗe talabijin na lakol a Yamai da taimakon Faransa, inda yara ke ɗaukar darasi daga akwati, mai kula da aji na taimaka musu. Masana daga ƙasashe da dama sun zo kallon shirin. Amma da Faransanci ake darasin, kayan aikin na da tsada, ajujuwa kaɗan ya kai wa, kuma a shekara ta 1979 ya tsaya. Abin lura a nan shi ne, na'ura komai kyanta, idan kuɗin tafiyar da ita daga waje yake zuwa, ranar da aka rufe jaka ranar take mutuwa.

Jahar Maraɗi na da misalin akasin haka. Sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona maimakon a sare shi, ya fara yaɗuwa a shekarun 1980 da aikin Tony Rinaudo da manoman yankin, har ya kai miliyoyin eka a kudancin ƙasar. Daga baki zuwa baki ya tafi, domin ba ya cin kuɗi kuma maƙwabci na ganin amfaninsa a gonar maƙwabci.

Inda igiya ke tsinkewa

An yi yunƙurin kai sadarwa karkara. A shekara ta 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai rezo da hidimomin zamani ƙauyukan Nijar, kuma a 2025 kamfanin Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar. Duk da haka akwai wurare uku da igiyar ke tsinkewa.

Na farko wuta. Salula sai da caji, eriyar rezo ma sai da wuta ko gazuwal. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, birane ma sun ji a jikinsu, balle ƙauyen da dama da hasken rana ya dogara.

Na biyu mata. A gidaje da yawa mace ce ke noma wake a gamanarta, ita ke ajiya, ita ke ƙosai da ɗanwake na saidawa, amma salular na aljihun maigida. Majigin da ya tsaya a majalisar maza bai kai ga mai rumbu ba.

Na uku kaya. Misalin murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ya isa shaida. Masanan Tarna da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso sun nuna cewa wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro, Habrobracon hebetor, na kashe ta. Ana sa mata biyu cikin ɗan buhun algarara mai hatsi da tsutsotsi 25 da za su hayayyafa a kansu, a rataye irin waɗannan buhuna 15 a kewayen gari, ƴaƴan su fito su bazu cikin gonaki. Majigi na iya nuna yadda ake ratayewa, amma ba ya iya haifar da ƙwaron. Sai wani ya kiwata shi, wani ya kai shi kan lokaci, daidai fitar kan hatsi. Haka ma buhun PICS: wanda ya kalla ya gamsu, ya je kasuwa bai same shi ba, ko aka saida masa na jabu, ya yi asarar wake, kuma ba zai sake yarda da maganar masana ba.

Rabon ɗan kasuwa da ma'aikaci

A nan aikin ya faɗo kan mutum biyu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke aika kaya kasuwannin Madarunfa yana iya kai buhu na ainihi kafin kaka, yaron shagonsa ya tura wa kowane mai saye majigin a salula. Ba sadaka ba ce: waken da ba huda, ba warin magani, shi ke da daraja a Dawanau, kuma manomin da ya saida da kyau shi ne mai sayen taki da atamfa.

Shi kuwa ma'aikaci, malamin gona ne, malamin lakol ko na asibiti, salularsa na iya zama ɗakin karatun gari. Yana iya tara ƙungiyar mata ya nuna musu, ya saurari tambayoyinsu, ya maida su Tarna ko jami'a, domin binciken da ba ya jin ta bakin manomi yakan amsa tambayar da ba wanda ya yi. Hukumomi kuma nasu shi ne sa kuɗin wannan aiki cikin kasafin ƙasa da na ƙananan hukumomi, kada a maimaita labarin talabijin na lakol.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masani ya yi nasa a ɗakin bincike. Awon nasarar kuwa a rumbun Gabi za a yi shi, ranar da aka kwance buhu da bazara aka tarar da wake yadda aka zuba shi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kuma zaunar da bakin iyaka lafiya.