YADDA GWAMNATIN JIHA TAKE AIKI, DA ƘOFAR DA MANOMI ZAI ƘWANƘWASA

'Yan'uwa manoma, in gada ta karye da damina, ko taki ya iso bayan masara ta yi goyo, sai mu ce laifin gwamnati ne. Amma gwamnatin jiha ba mutum ɗaya ba ce. Ofisoshi ne daban-daban, kowanne da aikinsa. Ƙungiyar da ba ta san wannan ba takan kai kukanta inda ba za a iya share mata hawaye ba.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya raba ikon jiha gida uku: Majalisar Dokoki, da ɓangaren zartarwa, da kotuna. A wannan fitowa za mu duba biyun farko.

Majalisar Dokoki

Wakilan majalisar jiha ba sa kasa 24, ba sa kuma wuce 40. Filato tana da 24, Kaduna 34, Kano 40. Ana zaɓensu na shekara huɗu, su kuma su zaɓi Kakaki daga cikinsu. Aikinsu uku ne: yin doka, amincewa da kuɗin da gwamnati za ta kashe, da sa ido a kan yadda aka kashe shi.

Kafin ƙuduri ya zama doka, ana karanta shi sau uku a zauren majalisa. Bayan karatu na biyu akan miƙa shi ga kwamiti, kwamitin kuwa yana iya kiran jama'a su faɗi ra'ayinsu. In majalisa ta amince, Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai suna iya sake amincewa, ƙudurin ya zama doka ba da hannunsa ba.

Gwamna da ma'aikatansa

Gwamna shi ne shugaban masu zartarwa. Shekara huɗu yake yi, ba a kuma zaɓensa fiye da sau biyu. Shi yake zaɓen kwamishinoni, amma sai majalisa ta amince da su kafin su kama aiki.

Wannan iko na majalisa ba na wasa ba ne. A Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau mulki a 1979, amma 'yan NPN ne suka fi yawa a majalisa. Sun ƙi amincewa da mutanen da ya kawo, ya yi mulki ba kwamishinoni, har suka tsige shi a watan Yuni na 1981.

A kowace ma'aikata, kwamishina ɗan siyasa ne, yakan tafi in gwamnati ta sauya. A ƙarƙashinsa akwai Babban Sakatare da darektoci, su ma'aikatan gwamnati ne, su ke riƙe da takardu. Malamin gona da ke zuwa ƙauyenmu yana can ƙarshen wannan jeri. Ba shi ke yanka kuɗin taki ba, saboda haka kada mu ɗora masa laifin da ba nasa ba. Rajistar ƙungiyoyin gama kai kuwa tana hannun Darektan Gama Kai na jiha.

Batun ƙasa ma ya shafe mu. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen jiha a hannun Gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka irin na gargajiya.

Hanyar da kuɗi yake bi

Nan ne ya fi kamata mu kasa kunne. Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu. Tun da damina kowace ma'aikata take rubuta bukatunta na baɗi. Ana haɗa su, Gwamna ya kai wa majalisa, yawanci wajen ƙarshen shekara. Kwamitoci sukan kira kwamishinoni su yi bayani, a rage nan, a ƙara can, sa'an nan ya zama dokar kasafin kuɗi.

Abu biyu za mu riƙe. Na ɗaya, aikin da ba ya cikin kasafi, da wuya a yi shi a wannan shekara, sai ko an kawo ƙarin kasafi. Na biyu, sa aiki cikin kasafi ba shi ne fitar da kuɗi ba. Majalisa izini take bayarwa, masu zartarwa ke sakin kuɗin. Daga baya Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yakan duba littattafai ya kai wa majalisa rahoto.

Abin da ƙungiya za ta yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muna bukatar rumbun ajiya, ko rijiya, ko gyaran hanya, mu rubuta tun wajen Yuni ko Yuli, kada mu bari sai an gama rabo.

1. Mu tabbata ƙungiyarmu tana da rajista, littafin kuɗinmu kuma daidai yake.
2. Mu zauna mu zaɓi bukata ɗaya ko biyu. Mu faɗi sunan ƙauye, da yawan gidaje, da irin amfanin gonar da ke lalacewa.
3. Mu aika wa kwamishina takarda ta hannun Babban Sakatare, mu ba wakilinmu na majalisa kwafi, sakataren ƙungiya ya ajiye guda.
4. In kasafi ya fito, mu roƙi wakilinmu ya nuna mana inda aikinmu yake, da nawa aka sa masa.
5. In watanni sun wuce ba a fara ba, mu kai ƙorafi ga kwamitin majalisa mai kula da wannan ma'aikata.

Kada mu auna wakili da buhun shinkafar da ya raba. Mu auna shi da abin da ya shigar mana cikin kasafi, da yadda ya bi sawunsa. In ya kasa, doka ta ba mu ikon yi masa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa sun sa hannu, sa'an nan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'a a kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar da ƙungiyoyi biyar suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa membobi wannan bayani a taro mai zuwa, a kuma tsai da ranar rubuta takarda.