Me Ya Haɗa Injin Ban Ruwa da Riƙon Ƙasa?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi fadamun da ke kewaye da Katsina da rani, abin da kunnensa zai fara ji shi ne ƙarar injin ban ruwa. Kakanninmu da jigo suka yi lambu. Yau kuwa kusan kowane mai lambu yana da ɗan injinsa da tiyo da jarkar fetur. Mutane da yawa suna ɗauka wannan ci gaba ne kawai. Ci gaba ne, amma yawan man da muke ƙonawa yana kuma nuna ayyukan da hukuma ta fara ba ta ƙarasa ba.

Ga misali kusa da gida. An gama ginin madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-Ma, a 1983, a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Nufin shi ne ta ba da ruwan sha, ta kuma shayar da dubban kadada na gonaki. Ruwan da aka tare a madatsa, in an haƙa masa hanyoyi, da kansa yake gangarowa gona, ba ya bukatar fetur ko ɗigo ɗaya. Amma sai aka yi shekaru da yawa ruwa na kwance, hanyoyin ban ruwa ba su kammalu ba. Ko aikin ruwan shan ma sai a 2021 aka buɗe shi, watau shekara 38 bayan ginin. To, manomin da ke ganin ruwa ga shi, ba hanyar da zai iso gonarsa, me zai yi? Sai ya sayar da akuya ya sayi inji. Maƙwabcinsa ma haka. Aikin da hanya guda za ta yi wa mutum ɗari, sai injuna ɗari su yi shi, kowanne da nasa man.

Haka zancen yake ga wutar lantarki. Inda wuta ta tsaya, famfo da injin niƙa da na casar shinkafa da ita suke aiki. Inda ba ta tsaya ba, sai dizal da fetur. Hanya mai ramuka kuma tana sa motar da ke ɗauko tumatir ta sha mai fiye da kima, manomi ne kuwa ke biya, gama daga kuɗin kwandonsa ake cirewa.

Kada a ce ƙaramin inji ba shi da amfani. Shirin Fadama, wanda gwamnati ta fara da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya yaɗa rijiyoyin tiyo da ƙananan injuna, ya kuwa fid da gidaje da yawa daga zaman banza da rani. Sai dai an gina shi ne bisa araha, domin a lokacin gwamnati tana biyan tallafin mai. Arahar nan ta sa ba wanda ya damu da lissafin lita nawa ke shiga kadada guda. Ta kuma sa ana kwasar mai ana ƙetarawa da shi Nijar. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Don masu fasa-ƙwauri aka yi dokar, amma mai lambu a wajen Jibiya shi ma ta kama shi, sai ya koma wurin 'yan bumburutu.

Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Ko cire tallafin daidai ne ko kuskure, wannan gardama ce ta daban. Abin da ya shafe mu shi ne an cire shi rana ɗaya, ba a tanadar wa mai noman rani wata madogara ba. Wasu sun rage fili. Wasu sun mai da injinsu ya koma shan iskar gas ta girki. Masu hali sun sayi famfo mai aiki da hasken rana.

Famfon nan na rana ba ya shan mai, amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka sai a haɗa kai. Nan ne maganar riƙo ta dawo kan jam'iyyunmu na gama kai. In ma'aji ba ya rubuta abin da ya shigo, in shugaba yana jan ruwa gonarsa kafin ta kowa, in ba a ware kuɗin gyara ba, famfon zai kwanta yadda ruwan Zobe ya kwanta, kowa ya koma jarkarsa.

Shawararmu ga kowace jam'iyya ita ce, a wannan rani sakatare ya buɗe littafi, kowane memba ya faɗi lita nawa ya saya a mako da girman filin da ya shayar. A ƙarshen rani a tara lissafin. Da shi za ku gane ko famfon rana zai biya kansa, da shi kuma za ku je wurin malamin gona ko ofishin KTARDA ku yi magana da hujja a hannu.