Ɗalibin Da Ya Bar Gardama Ya Kama Aiki

A cikin watan Janairu na 1992 gardama ta ɓarke tsakanin wasu masana ilmin kwamfuta biyu a Turai. Na farko shi ne Shehun Malami Andrew Tanenbaum na wata jami'a da ke Amsterdam ta ƙasar Holan, na biyu kuwa ɗalibi ne ɗan shekara 22 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds.

Musabbabin gardamar ita ce Linux, watau uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ɗalibin ya fara rubutawa a 1991. Malamin ya ce ginin nata tsohon yayi ne, domin an dunƙule ayyukanta wuri guda, alhali kuwa kamata ya yi a rarraba su sashe sashe, yadda in ɗaya ya lalace sauran ba za su durƙushe ba.

Torvalds bai musa cewa a takarda tsarin malamin ya fi kyau ba. Hujjarsa ita ce tasa tana aiki, kuma kowa na iya samunta kyauta. Ya mayar da martani da zafi, daga baya ya nemi gafara, ya koma bakin aikinsa.

To, gani ya kori ji. Manhajar Hurd, wadda masu shirin GNU suka fara a 1990 bisa irin tsarin da malamin ya yaba, ta haura shekara 30 ba ta shiga hannun yawancin jama'a ba. Ita kuwa Linux, a kanta aka gina Android da ta fito a 2008, wadda watakila ita ke cikin wayar aljihun mai karatu. A 2017 aka wayi gari dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Sai dai a yi wa malamin adalci, shi ma magini ne. Manhajarsa MINIX ta 1987 ita ce makarantar da Torvalds ya koyi sana'ar.

Saboda haka muna jan hankalin samarinmu masu koyon wannan ilmi, waɗanda sukan kwana suna musun Python ta fi ko Java. Ɗan kasuwan da ya ba ku aikin lissafin shagonsa ba zai tambayi harshen da kuka yi rubutu da shi ba. Abin da ya dame shi shi ne lissafi ya fita daidai ranar biyan bashi.